Gaɓar Iskandariya ta mai sammako ce

Iskandariya birni ne dogo siriri da ya miƙe a bakin Bahar Rum, teku a arewacinsa, tafkin Maryut a kudancinsa. Titin da ya bi gaɓar, wanda mutanen garin suke kira Kurnish, ya taso daga sansanin Ƙaitbai a yamma ya dire a lambun Muntaza a gabas, kuma tsawonsa yana tsakanin kilomita 17 da 20, gwargwadon inda mutum ya fara ƙirga. Kusan duk baƙon da ya shigo garin a kan wannan titi ake fara ɗora shi, yawanci cikin tasi mai launin baƙi da rawaya, direba yana danna ham yana kutsawa tsakanin ƙananan motocin haya, baƙon kuma yana leƙen shuɗin ruwa ta taga a duk inda gini bai tare shi ba. Wanda ya yi haka zai koma gida ya ce ya je bakin teku, kuma bai yi ƙarya ba, amma abin da ya gani kaɗan ne ƙwarai. A yawancin sa'o'in yini titin na motoci ne, gaɓar kuma ta masu kuɗin sayen kujera ce. Akwai ɗan lokaci, daga sallar Asuba zuwa hantsin ranar Juma'a, da wurin yake komawa hannun mai keke da mai tafiya a ƙasa, kuma saboda wannan ɗan lokacin nake baro Alƙahira, inda nake karatu, duk sa'ad da aljihu da darasi suka ba ni dama.

Jirgin ƙasa daga tashar Ramsis yakan ci awa biyu da rabi zuwa uku kafin ya isa Iskandariya, don haka wanda ya taso da yammacin Alhamis zai yi sallar Isha'i a can. Juma'a ranar hutu ce a Masar, mutanen ƙasar kuma masu raba dare ne a hira da shan shayi, saboda haka gari yakan waye babu kowa a titi sai masu shara, da masunta, da dattawa masu tafiyar motsa jini, da ayarin samari da 'yan mata masu kekuna waɗanda suka mayar da safiyar Juma'a ranar fitarsu. Ba na ba kowa shawarar zuwa daga Yuni zuwa Agusta. A watannin nan mutanen Alƙahira da na garuruwan da ke kewaye sukan tudaɗo garin don gudun zafi, laima ta rufe yashi ruf, hayar ɗaki ta yi tashin gwauron zabo, titi kuma ba ya hutawa ko da asuba. Oktoba da farkon Nuwamba sun fi min kowane lokaci, sai kuma Afrilu idan iskar ƙura ba ta taso ba.

Abu na farko da ya kamata mai keke ya yi la'akari da shi shi ne alƙiblar da zai fuskanta. A Masar hannun dama ake tuƙi, teku kuma yana arewa, don haka wanda ya nufi gabas yana ɓangaren gine-gine ne, layukan motoci masu yawa suna tsakaninsa da ruwa, rana mai fitowa kuma tana dukan idonsa. Wanda ya juyo yamma shi ne teku yake kusa da hannunsa na dama, rana tana bayansa tana haska masa duk abin da ke gabansa. Saboda wannan dalili nakan karɓi keke tun daren Alhamis a tsakiyar gari, in tashi da zarar an sallame Asuba, in taka da sauri zuwa Muntaza ba tare da tsayawa ba, sannan in juyo a hankali bayan gari ya yi haske. Zuwan na motsa jiki ne, dawowar ita ce ta kallo. Game da hayar keken kuwa, a duba birki da sarƙa kafin a biya, domin iskar gishiri tana cin ƙarfe fiye da yadda mutumin tudu yake zato, kuma keken da fentinsa ke sheƙi yana iya zama sarƙarsa ta yi tsatsa har ta sandare. Masu ba da haya sukan nemi a ajiye musu wata shaida. Katin makaranta ya wadatar, fasfo kuwa ba abin da baƙo zai bar wa kowa ba ne.

Muntaza wurin shaƙatawar gidan sarautar Masar ne a da. Abbas Hilmi na Biyu ya gina ƙaramar fadar Salamlik a 1892, Sarki Fu'ad ya ƙara babbar fadar Haramlik a 1932, lambun kuma ya zama na jama'a bayan juyin mulkin 1952. Sai an biya ake shiga, ni kuma a bakin ƙofa nake juyawa, domin lambun na buƙatar yini nasa daban. Daga nan unguwannin Mandara da Asafira da Mayami suke bin juna, dogayen benaye a hagu waɗanda gishiri ya zaizaye fentinsu har wasu rodinsu ya bayyana, yashi a dama an jera masa kujerun roba a kife ana jiran masu zuwa. Ba su da wani abin da zai tsayar da mutum, in ban da wuri guda.

A gaɓar Sidi Bishir akwai wani falalen dutse da ya shiga cikin ruwa, a tsakiyarsa rami mai zurfi da aka kewaye da gajeren bango, ana kiransa Rijiyar Mas'ud. Ƙasan ramin a haɗe yake da teku ta wani kogo, saboda haka idan igiya ta bugo sai ka ji ruri a ƙarƙashin ƙafarka kafin ka ga ruwan ya taso fari fat yana kumfa, ya cika ramin kusan baki, sannan ya tsotse ya koma da wani irin sauti mai kama da numfashin babbar dabba. Ranar da teku ya yi fushi har feshi yake yi wa masu leƙe. Mutane sukan jefa kwabbai ciki suna ƙulla buri a zuci, masu neman aure da masu jiran sakamakon jarrabawa, yaran unguwa kuma su yi nutso su kwashe kuɗin idan ruwa ya lafa. Ban taɓa jefa ko sisi ba, domin ban ga abin da rami zai iya ba bawan Allah ba, amma na daɗe ina kallon yaran nan, waɗanda suka san lokacin shiga da lokacin fita daidai da bugun igiya. Kada ɗan Katsina ko ɗan Maraɗi da ya koyi iyo a kududdufi ya ce zai gwada. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma a gaɓar nan akwai jan ruwa na ƙarƙashi da yakan kwashe ƙafar babban mutum yana tsaye.

Daga Sidi Bishir zuwa gaba ne abin da ya fi ɓata min rai a tafiyar yake farawa. An shimfiɗa Kurnish har zuwa Muntaza cikin shekarun 1930 domin mutane su samu hanyar bin bakin ruwa, aka faɗaɗa shi sosai a wajajen shekarar 2000, aka kuma sake faɗaɗa ɓangaren gabas a 'yan shekarun nan. Tun da benaye sun tokare ɓangaren tudu, babu inda za a samo filin ƙarin layuka sai daga teku, wato a cike ruwa da duwatsu a danne yashi da kwalta. Abin da ya rage na gaɓar kuma hukuma takan ba da hayarsa ga 'yan kasuwa, su kafa wuraren shan shayi da gidajen abinci da shingayen gilashi da na katako, ga kulob-kulob na ƙungiyoyin ma'aikata da suka kame wurare masu tsawo. Sakamakon shi ne mai keke yakan yi tafiya mai nisa yana jin ƙamshin teku da ƙarar igiya, amma bango kawai yake gani. Na san hujjar masu yin hakan: garin yana da miliyoyin mutane, manyan hanyoyin da suka ratsa shi daga gabas zuwa yamma ƙalilan ne, hayar gaɓa kuma kuɗin shiga ne. Sai dai kowane layi da aka ƙara motoci sukan cika shi cikin ɗan lokaci, yashin da aka binne kuwa ba ya dawowa. Talakan da aka haifa a layi na biyu daga bakin ruwa yanzu sai ya nemi hanyar ƙarƙashin ƙasa ya tsallaka titi, ko ya sayar da rai ya ratsa tsakanin motoci masu gudu, sannan ya biya kuɗin kujera kafin ya zauna ya kalli tekun da kakansa ya yi wanka a ciki kyauta. Mutanen garin da kansu suna yawan kokawa a kan wannan, kuma ina ganin suna da gaskiya.

Gadar Istanli ce take wanke wa mutum zuciya bayan wannan ɓacin rai. Tsawonta mita 400 ne, an buɗe ta a 2001, tana da hasumiyoyi huɗu, kuma ta ratsa bakin wani ɗan lungun teku ne wanda tsofaffin ɗakunan masu wanka suka kewaye hawa-hawa. A nan babu bango. Da safe masu fatsa ne suke jere a jikin ƙarfen gadar, kowa da doguwar sandarsa da bokitinsa da ɗan kwalin tsutsa ko ƙananan jatan lande. Wata safiya a farkon Nuwamba na jingine keke kusa da wani dattijo mai hular ulu, na yi masa sallama na ce, "Alhaji, Allah ya ba da sa'a." Ya amsa ba tare da ya ɗauke ido daga zaren ba, ya nuna min bokitin, ƙananan kifaye uku suna motsi a ɗan ruwa. Da ya ji harshena ya gane ɗalibi ne baƙo, sai ya ce, "Ɗana, ka yi yawonka yanzu, Maknasa tana hanya." Ya ɗaura sabuwar ƙugiya da haƙori da yatsu biyu, hannunsa duk sabar gishiri, ya wurga zaren ya koma shiru.

Maknasa ɗaya ce daga guguwowin hunturu da masuntan Iskandariya suke kira nawwa. Kowace tana da sunanta da lokacinta a ƙidayar da suka gada: Maknasa a tsakiyar Nuwamba, Ƙasim a farkon Disamba, wasu kuma suna biyo baya har cikin Maris. Idan ta sauka, iska takan taso daga teku da ruwan sama na kwanaki, a rufe tashar jiragen ruwa, igiya ta tsallake bango ta watsa ruwa da tsakuwa a kan titi. A irin ranakun nan keke ba shi da aiki a Kurnish, domin iskar gefe tana iya tura mutum cikin layin motoci. A Oktoban 2015 ruwan sama ya mamaye titunan garin, aka rasa rayuka, har gwamnan jihar ya ajiye aiki. Manyan tubalan kankare da mai tafiya zai gani an jibge a gaɓa, wasu a jikin bango wasu a can cikin ruwa, an zuba su ne don karya ƙarfin igiya da rage zaizayar ƙasa, a garin da yake cikin biranen da ake fargabar hauhawar teku za ta fi yi wa illa. Ba su da kyan gani, amma su kam ban ga laifin wanda ya sa su ba.

Sidi Jabir da Kiliyobatara da Ibrahimiyya da Shatibi sukan wuce da sauri, har a iso Ɗakin Karatu na Iskandariya, wanda aka buɗe a Oktoban 2002 don tunawa da shahararren ɗakin karatun zamanin da. Rufinsa faifai ne babba da ya karkata yana fuskantar teku, bangonsa na waje kuma dutsen Aswan ne da aka sassaƙa wa haruffan rubuce-rubucen duniya iri-iri. A nan aikin keke yake ƙarewa. Nakan mayar da shi ga mai shi in ci gaba da ƙafa, domin sauran tafiyar, kimanin kilomita huɗu zuwa biyar da suka zagaye tashar jiragen ruwa ta Gabas kamar baka, ba wurin sauri ba ne.

Wannan zagayen shi ne ɓangaren Kurnish da har yanzu babu abin da ya shiga tsakanin mutum da ruwa sai gajeren bangon dutse mai faɗi. Mutanen garin suna zama a kansa kamar yadda ake zama a dakalin ƙofar gida bayan La'asar: tsoho da jaridarsa, ango da amarya sun juya wa titi baya, uwa tana ɓare wa yara tirmis, wato wani irin dafaffen wake, mai shayi yana zagayawa da butarsa, mai gasasshiyar masara yana fifita gawayi. Ba a tambayar kowa kuɗin zama. Ruwan da suke kallo kuwa a kan wani tsohon birni yake kwance. Iskandar Mai Girma ya kafa garin a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kuma a wannan gefen ne fadojin sarakunan da suka gaje shi a Masar suke, har girgizar ƙasa da nutsewar gaɓa suka tura wani sashensu ƙarƙashin teku. Tun cikin shekarun 1990 masu binciken kayan tarihi suke nutso suna tsamo ginshiƙai da gumaka daga ƙasan tashar, a daidai inda kwale-kwalen masunta masu launin shuɗi da kore suke lilo.

A dandalin da ke kusa da tashar Ramli akwai mutum-mutumin Sa'ad Zaglul, jagoran gwagwarmayar neman 'yancin Masar ta 1919, yana fuskantar teku. A wajajen nan ne wasu dogayen ginshiƙan dutse biyu na zamanin Fir'auna suka daɗe, kafin a kwashe su a ƙarni na 19: ɗaya yana bakin kogin Landan tun 1878, ɗayan kuma yana wani lambu a birnin New York tun 1881. Gaba kaɗan sai Manshiyya, inda Jamal Abdul Nasir ya tsaya ranar 26 ga Yulin 1956 ya shelanta cewa mashigin Suwais ya zama mallakin Masar. Ranar ta yi daidai da cika shekara huɗu da fitar Sarki Faruƙ daga ƙasar, wanda ya hau jirgin ruwa daga fadar Ra'asut Tin, shi ya sa ɓangaren titin da ya zagaye tashar yake ɗauke da sunan 26 ga Yuli. Wanda ke cikin mota duk wannan zai wuce shi kafin ya gama amsa waya.

Ƙasar da ake takawa daga Manshiyya zuwa Anfushi asalinta teku ce. A da Faros, wurin da sansanin Ƙaitbai yake yanzu, tsibiri ne, sai aka gina wata hanya ta cikin ruwa mai tsawon fiye da kilomita ɗaya ta haɗa shi da gari, yashi da laka suka yi ta taruwa a jikinta tsawon ƙarnoni har wurin ya zama unguwanni. A tsakiyarsu masallacin Abul Abbas al-Mursi yake, malamin da aka haifa a Mursiya ta ƙasar Andalus, ya yi almajirci a wajen Abul Hasan ash-Shazili, ya rasu a Iskandariya. Ginin da ake gani yanzu an kammala shi cikin shekarun 1940. Ƙaramin masallacin da ke gefensa ne ya fi taɓa ni, domin a nan ake ziyartar kabarin almajirinsa, Imam Busiri, mai Burda, kuma an rubuta baitocinta a jikin bango. Duk wanda ya tashi a gidan da ake karanta ta da daren Mauludi zai tsinci bakinsa yana ƙarasa baitin kafin idonsa ya kai ƙarshen layi. Idan an lissafa tafiyar da kyau, a nan kiran sallar Juma'a zai riski mutum, kuma gara a shiga da wuri domin sahu yakan fito har dandali.

Bayan an sauko daga masallaci saura ɗan taƙi a kai sansanin da Sultan Ƙaitbai ya fara ginawa a 1477 a kan harsashin hasumiyar Faros, wadda ta haura mita 100 kuma ta yi fiye da shekara dubu tana haska wa jiragen ruwa hanya, har girgizar ƙasa ta 1303 da wata da ta biyo baya suka rusa ta. Ibn Baɗɗuɗa, wanda daga baya ya ratsa Mali har ya kai Takadda, ya gan ta a 1326 gefe guda ya zube, da ya dawo a 1349 kuwa ya tarar ko ƙofarta ba a iya kaiwa. Jiragen yaƙin Ingila sun yi wa sansanin luguden wuta a Yulin 1882, aka gyara shi daga baya. A lokacin da nake isa can wurin ya riga ya cika da masu keken doki da masu sayar da ƙwaryar kifin teku da yara masu neman a ɗauki hoto da baƙo, saboda haka ba na daɗewa.

Nakan bi ta bayan unguwar in wuce filin masu ƙera kwale-kwale, inda ake jera haƙarƙarin katako a kan yashi ana bugawa da hannu, in gangara wajen masu kifi. A gidajen abincin Anfushi mutum ne yake zaɓar kifinsa daga kan ƙanƙara, a auna a gabansa, ya faɗi ko gashi yake so ko suya, a kawo masa da shinkafa mai launin ƙasa-ƙasa da gurasa da lemon tsami. A tambayi kuɗin kilo kafin kifin ya hau sikeli, a kuma tambaya ko ladan gashi yana ciki, domin bayan an sa shi a wuta babu sauran ciniki.